Daga Akwatin Talabijin Zuwa Allon Sinima: Yadda Starsky da Hutch Suka Koma Abin Dariya

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Masu shirya fina-finai a Holiwud sun daɗe da riƙe wannan magana, domin tun daga shekarun 1990 suka mayar da hankali ga tsofaffin shirye-shiryen talabijin, suna kakkaɓe musu ƙura suna mayar da su fina-finan sinima. Da yawa daga cikin waɗannan fina-finai sun haɗa abu biyu, wato faɗa da tseren motoci a gefe guda, da kuma barkwanci a ɗaya gefen. Wannan takarda za ta yi bayani a kan ɗaya daga cikinsu, fim ɗin Starsky & Hutch na shekarar 2004. Za a duba asalin shirin, da yadda fassarar Faransanci ta sauya masa kama, da abin da fim ɗin ya riƙe da wanda ya watsar. Batun ya shafi mai nazarin harshe, domin labari ɗaya ne aka fassara har sau biyu: sau ɗaya daga harshe zuwa harshe, sau ɗaya kuma daga zamani zuwa zamani.

2.0 Asalin Shirin

Marubucin da ya ƙirƙiro Starsky & Hutch shi ne William Blinn, wanda yana cikin waɗanda suka rubuta shirin nan Roots na 1977. Kamfanin Aaron Spelling da Leonard Goldberg ne ya shirya shi, gidan talabijin na ABC a Amurka kuma ya nuna shi. An fara da fim na gwaji a watan Afrilu na 1975, sannan shirin mako-mako ya kankama a watan Satumba na wannan shekara, ya ci gaba har zuwa watan Mayu na 1979. An yi zango huɗu, kashi 92 ban da fim ɗin gwajin, kowane kashi yana ɗaukar kimanin minti 50 idan aka cire tallace-tallace.

Labarin ƴan sandan farin kaya ne guda biyu da ke aiki a wani gari na ƙage mai suna Bay City a jihar Kalifoniya. Paul Michael Glaser ne ya fito a matsayin David Starsky, mutumin unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, tsohon soja, wanda ya san halin titi kuma yake son ciye-ciyen bakin hanya. David Soul kuma ya fito a matsayin Ken Hutchinson, wanda ake kira Hutch, mutumin jihar Minnesota, mai natsuwa da son karatu da kula da abin da yake ci. Shugabansu shi ne Kyaftin Dobey, wanda Bernie Hamilton ya taka, mutum mai yawan faɗa amma mai tsaya wa yaransa. Na huɗunsu shi ne Huggy Bear, wanda Antonio Fargas ya taka, ɗan gari da ke tsegunta musu abin da ke gudana a tsakanin ɓata-gari.

Akwai kuma motar Starsky, ƙirar Ford Gran Torino, ja mai farin ratsi a kowane gefe. A cikin shirin Hutch yakan yi mata ba'a ya kira ta tumatir mai ratsi. Motar ta yi farin jini har kamfanin Ford ya ƙera kimanin 1,000 masu irin wannan fenti ya sayar a 1976.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, ba domin ban dariya aka shirya wannan shiri ba. An yi shi ne a lokacin da Amurka ke fama da raunin yaƙin Biyetnam, wanda ya ƙare a 1975, da abin kunyar Watergate da ya sa Shugaba Nixon ya yi murabus a 1974, ga kuma aikata laifuffuka da ya yi ƙamari a manyan birane. Fina-finan ƴan sanda na lokacin, irin su The French Connection na 1971 da Serpico na 1973, sun nuna birni a matsayin wuri mai datti da haɗari, kuma shirin ya ɗauko wannan yanayi. Ya taɓo kisan kai da fyaɗe da fataucin ƙwayoyi da cin hanci a cikin ƴan sanda. A wani kashi mai suna The Fix, ƴan ta'adda sun sace Hutch sun yi ta yi masa allurar hiroyin har ta kama jikinsa, Starsky kuma ya yi ta jinyarsa a ɓoye. BBC, wadda ta fara nuna shirin a Birtaniya a 1976, ta ƙi nuna wannan kashi. A Amurka ma ƙungiyar iyaye da malamai ta ƙasa da ƙungiyar likitoci sun tashi tsaye a kan yawan zubar da jini a talabijin, kuma wannan shiri yana cikin waɗanda aka fi nuna wa yatsa. Saboda haka daga zango na uku, a 1977, aka rage harbe-harbe aka ƙara ba da ƙarfi ga abotar jaruman biyu.

3.0 Fassara ta Farko: Muryoyin Faransanci

Gidan talabijin na TF1 ya fara nuna shirin a Faransa a 1978, da sunan Starsky et Hutch. Al'adar Faransa ita ce ɗora murya, wato a cire maganar ƴan wasa ta asali a sa ta wasu ƴan wasa da harshen masu kallo, maimakon a rubuta fassara a ƙasan allo. Jacques Balutin ne ya ba Starsky murya, Francis Lax kuma ya ba Hutch.

Waɗannan mutane biyu ba su tsaya ga fassarar kalma da kalma ba. Sun riƙa cusa zolaya da habaici da wasa da kalmomi a wuraren da babu su a Ingilishi. Aikin ɗora murya yana ba da wannan dama, domin ƙa'idarsa ita ce maganar ta dace da motsin leɓe. Duk inda ɗan wasa ya juya baya, ko kyamara ta koma kan titi ko mota, mai ɗora murya yana da sararin faɗin abin da ya ga dama. Sakamakon haka shi ne, hoto yana nuna ƴan sanda biyu cikin tashin hankali, murya kuma tana nuna abokai biyu da ke tsokanar juna kamar taubasai. Mutanen da suka san shirin ta hanyar Faransanci sun san shi ne a matsayin shirin faɗa mai cike da raha, tun shekaru da yawa kafin Holiwud ta yi tunanin mayar da shi haka.

Sunan Huggy Bear misali ne mai kyau na dabarar mai fassara. A Ingilishi sunan ya haɗa kalmar runguma da sunan wata babbar dabba mai gashi ta ƙasashen sanyi, yana nuna mutum mai daɗin mu'amala. Da an fassara shi kai tsaye da bai ba da wata ma'ana ba. Sai masu fassarar suka bar Huggy yadda yake, suka ƙara masa laƙabi ya zama Huggy les bons tuyaux. Kalmar tuyau asalinta bututu take nufi, amma a maganar yau da kullum tana nufin labarin sirri mai amfani. Ke nan sun bar ma'anar sunan suka kama aikin mai sunan. Wannan ita ce hanyar da Hausawa ke bi wajen laƙabi, inda ake kiran mutum da sana'arsa ko halinsa.

Mai kallon fina-finan Indiya da ake ɗora wa muryar Hausa a Kano ba zai yi mamakin wannan ba. A nan ma mai fassara yakan sa wa jarumin Mumbai karin magana da salon maganar matasan gari, ya ƙara barkwanci inda babu, har wasu masu kallo su fi son fassarar a kan asalin.

4.0 Fassara ta Biyu: Fim ɗin 2004

Fim ɗin sinima ya fito a Amurka a watan Maris na 2004, ƙarƙashin kamfanonin Warner Bros. da Dimension Films. Daraktansa shi ne Todd Phillips, wanda kafin nan ya yi fina-finan barkwanci Road Trip a 2000 da Old School a 2003, daga baya kuma ya yi The Hangover a 2009 da Joker a 2019. Ben Stiller ne Starsky, Owen Wilson ne Hutch, mawaƙi Snoop Dogg ne Huggy Bear, Fred Williamson ne kyaftin, Vince Vaughn kuma shi ne mugun, Reese Feldman. Zaɓen waɗannan mutane kawai ya isa ya nuna inda aka dosa, domin masu kallo sun riga sun san Stiller da Wilson tare a fina-finan dariya irin su Meet the Parents na 2000 da Zoolander na 2001.

An ajiye labarin a shekarar 1975, an kuma mayar da shi labarin farkon haɗuwar jaruman biyu. Feldman attajiri ne da ake ganin girmansa a gari, amma a ɓoye dillalin hodar Iblis ne. Ya samo wata sabuwar hoda wadda karnukan ƴan sanda ba sa jin ƙamshinta, kuma idan aka ɗanɗana ta sai a ɗauka garin zaƙi ne na sa wa shayi. Gawar wani yaronsa da ya harbe ta fito a bakin ruwa, kyaftin kuma ya haɗa Starsky da Hutch su bincika, alhali ba sa shiri da juna. Daga nan sai kurakurai suka yi ta biyo baya. Starsky ya zuba hodar a cikin kofi bisa rashin sani ya je ya yi ta tiƙar rawa a gidan disko. Ya buɗe wuta a kan garejin Feldman yana zaton kayan na ciki, ashe ƙuru ne, wato ƙaramin doki, da Feldman ya saya wa ɗiyarsa kyauta. Aka dakatar da su daga aiki, suka yi faɗa, suka shirya, suka gano cewa an ɓoye hodar a cikin motocin da za a raba a wani bikin tara kuɗin agaji. A ƙarshe Starsky ya yi ƙoƙarin tsallakawa da motarsa daga gaɓa zuwa cikin jirgin ruwan Feldman, ya kuskure, motar ta nutse. Huggy ne, wanda ya riga ya laɓe a jirgin, ya buge mugun.

5.0 Abin da Aka Riƙe da Abin da Aka Sauya

An riƙe sunaye da gari da mota da tufafi. Rigar sanyin nan saƙaƙƙiya da aka san Starsky da ita ta dawo, haka ma wanduna masu faɗin ƙafa da tarin suma da kiɗan disko. Har salon ɗaukar hoto na wancan zamani, inda kyamara ke zuƙo fuskar mutum farat ɗaya, an kwaikwaya.

Halayen mutanen ne aka juya. Starsky na talabijin, ɗan titi mai sakin jiki, ya koma mutum mai tsananin bin doka wanda ke ƙoƙarin cike gurbin mahaifiyarsa, shahararriyar ƴar sanda. Hutch mai natsuwa ya koma malalaci mai son banza, wanda ba ya jin kunyar zare kuɗi daga walat ɗin gawa. Dalilin wannan juyi a fili yake. An ɗinka rigar ne daidai jikin ƴan wasan, domin Stiller ya saba fitowa a matsayin mutum mai ɗaurarren rai da ke fusata, Wilson kuma a matsayin mai sanyin magana da ba ya ɗaukar komai da zafi. Akwai kuma dalili na ginin labari. Shirin mako-mako yana iya farawa da abokai da suka riga suka shaƙu, domin mai kallo zai zauna da su shekara da shekaru. Fim na minti ɗari kuwa yana buƙatar wani abu ya sauya tsakanin farkonsa da ƙarshensa, shi ya sa aka fara da ƙiyayya aka ƙare da abota.

Fim ɗin ya kuma ajiye wasu abubuwa domin tsofaffin masu kallo kawai. David Soul mawaƙi ne, kuma waƙarsa Don't Give Up on Us ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka a 1977. A cikin fim ɗin sai aka sa Hutch na Owen Wilson ya ɗauki jita ya rera ta. Wanda bai san tarihin ba zai ga waƙa ce kawai, wanda ya sani kuma zai yi dariya ta biyu. Haka nan Fred Williamson tauraro ne na fina-finan baƙar fatar Amurka na shekarun 1970, irin su Black Caesar na 1973, don haka fuskarsa kanta tunatarwa ce. A fitowar ƙarshe kuma Glaser da Soul da kansu sun bayyana, sanye da irin kayan jaruman, suka miƙa wa sabon Starsky makullin wata motar. Wannan fitowa tamkar sa albarka ce daga magabata.

6.0 Me Ya Sa Aka Zaɓi Barkwanci?

Ba dole ba ne tsohon shiri ya koma abin dariya. The Fugitive na 1993 da Mission: Impossible na 1996 da Miami Vice na 2006 duk daga talabijin aka ɗauko su, kuma an yi su ba da wasa ba. Sai dai waɗannan sun ɗauko labarin ne suka kawo shi zamanin masu kallo. Starsky & Hutch kuwa abin da aka fi tunawa da shi shi ne kamanninsa, wato mota da tufafi da kiɗa. Idan aka cire su ba abin da zai rage sai ƴan sanda biyu irin na kowane fim. Idan kuma aka bar su, mai kallo na 2004 zai yi dariya ko an so ko ba a so ba. Sai masu fim ɗin suka riga shi yin dariyar. Dabararsu ita ce jaruman su ɗauki kansu da matuƙar muhimmanci a cikin kayan da suka zama abin ba'a, kamar yadda mutum ke dariya idan ya ga tsohon hoton mahaifinsa na zamanin samartaka.

Akwai kuma lissafin kasuwa. Sanannen suna yana rage wahalar talla. Yaran da suka kalli shirin a 1975 sun zama magidanta a 2004, za su zo domin tuna baya, matasa kuma za su zo domin Stiller da Wilson da Snoop Dogg. An kashe kimanin dala miliyan 60 wajen shirya fim ɗin, ya kuma tara kimanin dala miliyan 170 a gidajen sinima na duniya. Irin wannan riba ce ta sa jerin ya yi tsawo: Charlie's Angels a 2000, I Spy a 2002, The Dukes of Hazzard a 2005, Get Smart a 2008, The A-Team a 2010, 21 Jump Street a 2012, har zuwa The Fall Guy a 2024.

Amma an yi asarar wani abu. Ƙarfin tsohon shirin shi ne ya nuna maza biyu da ke kula da juna da gaske, a lokacin da ba a saba ganin haka a fina-finan ƴan sanda ba. Fim ɗin ya ɗauki wannan kusanci ya mayar da shi abin zolaya. Hodar da ta kusa halaka Hutch a talabijin ta zama sanadin rawar disko a sinima. Matashin da fim ɗin kawai ya gani zai ɗauka shirin 1975 wasan yara ne, alhali shiri ne da har wata babbar tasha ta ga wani kashinsa ya yi nauyin da ba za ta iya nunawa ba.

7.0 Wasu Kalmomi na Wannan Fage

Yana da kyau ɗalibi ya lura da yadda Hausa ke magana a kan fim. Kalmomin fim da sinima da darakta da kyamara duk aro ne. A Najeriya ana cewa talabijin, a Nijar kuma an fi jin tele, kowane ɓangare ya aro daga harshen Turawan da suka mulke shi. Wasu kalmomin aron sun sauya ma'ana bayan shigowarsu. A bakin masu kallo, akta ba kowane ɗan wasa ba ne, jarumin da ke cin nasara ne, bos kuma shi ne shugaban miyagu. Ke nan a wannan fim Feldman ne bos, ba kyaftin ba, ko da yake kyaftin ne shugaban jaruman a wurin aiki. Akwai kuma kalmar wankiya, wadda ƴan fim ɗin Kano ke amfani da ita idan an kwashe labarin wani fim, galibi na Indiya, an sake shi da Hausa. Ta bambanta da abin da aka bayyana a nan, domin mai wankiya yakan ɓoye inda ya samo, alhali mai sabunta tsohon shiri izini yake nema, kuma tsohon sunan shi ne babban abin da yake sayarwa.

8.0 Kammalawa

An ga cewa Starsky da Hutch iri uku ne: na ABC da ke yawo a titunan birni mai haɗari, da na TF1 da ke tsokanar juna da Faransanci, da na sinimar 2004 da ke dariyar zamanin da ya haife su. Suna ɗaya ne, mota ɗaya ce, amma kowane rukunin masu kallo ya karɓi abin da ya dace da kunnensa da lokacinsa. David Soul ya rasu a watan Janairu na 2024, shekara 20 bayan fitowarsa a fim ɗin. Ga mai koyon fassara, tambayar da wannan misali ke bari ita ce wadda zai yi ta haɗuwa da ita a aikinsa: idan kalma da ma'ana da yanayi suka ƙi tafiya tare zuwa sabon harshe, wanne zai ɗauka, wanne zai bari, kuma wa yake yi wa aikin?